Takardar Bogi da Mujallu 157 Suka Karɓa



Kwanaki wani abokina da ke digiri na biyu ya kira ni cike da murna, wai wata mujallar ilimi ta ƙasar waje ta karɓi takardarsa. Na ce yaushe ka tura? Ya ce shekaranjiya. Abin da ya rage kawai ya biya dala. Wallahi nan take jikina ya yi sanyi.

Ga dalilina. Mujallar ƙwarai ba ta buga bincike sai ta tura wa wasu masana fannin, su duba yadda aka yi aikin, su ga ko alƙaluman sun yi daidai da abin da marubucin yake iƙirari. Sau da yawa su dawo maka da shi ka gyara, ko su ƙi shi. Wannan kan ɗauki makonni, wani lokacin watanni. To kwana biyu, wa ya karanta?

A 2013 wani ɗan jarida, John Bohannon, ya gwada abin. Ya ƙirƙiro binciken ƙarya, wai wani sinadari yana hana ƙwayoyin kansa girma, ya cusa kurakurai da gangan, irin waɗanda duk masani zai gani da kallo ɗaya. Ya tura wa mujallu 304 masu karɓar kuɗi daga marubuci. 157 suka karɓa, 98 suka ƙi. Mujallar Science ce ta buga labarin.

Abin da ya fi tsaya min a rai, sunayen marubutan bogin da cibiyoyinsu duk ya yi su ne kamar na 'yan Afirka. Ɗaya wai daga Asmara. Ni dai wannan bai min daɗi ba, amma ya nuna mana su wa ake farauta. Malamin da aka ce ba ƙarin girma sai ya kawo takardu kaza, ɗalibin da aka ce ba ka gamawa sai ka buga, su ne kasuwar.

Kar ku fahimce ni ba daidai ba, biyan kuɗi ba shi ne laifin ba. PLOS ONE ma tana karɓar kuɗi, kuma ta ƙi takardar Bohannon. Laifin shi ne a karɓi kuɗinka a ce an tantance, alhali ba a yi ba. Idan kan magani ne, gobe wani ya ɗauko ya yaɗa a WhatsApp da sunan "bincike ya nuna".

Na ce wa abokina kar ya biya tukuna. Muka nemi sunan mujallar a DOAJ, kundin da ya ƙara tsaurara sharuɗɗansa bayan wancan tonon silili, babu ita. Muka ɗauki sunan editanta muka duba shafin jami'ar da aka ce yana koyarwa, babu shi. Ya janye takardar, ya tura wata mujallar. Wata na uku ke nan yana jiran amsa, kullum sai ya min mita.