Yadda Ake Kare Fentin Ƙananan Jiragen Ƙasa na Ajiya

A Turai da Amurka akwai masu tara ƙananan jiragen ƙasa na wasa, irin na kamfanin Märklin na Jamus, wanda aka kafa a 1859, ko na Lionel na Amurka, wanda ya fara aiki a 1900. Darajar tsohon jirgi tana ga fentinsa na asali. In ya ɓare, ko aka sake shafa wani, kuɗinsa ya faɗi.

Abubuwa uku ke ɓata fenti. Na farko danshi ne: ƙarfe ya yi tsatsa daga ƙarƙashi, fentin ya kumbura ya ɓare. Na biyu hasken rana, mai sa launi ya koɗe, musamman ja. Na uku shi ne abin da aka naɗe jirgin da shi. Tawadar jarida takan kama jikinsa, leda mai kumburin iska takan bar masa tabo, soso kuwa in ya tsufa sai ya ruɓe ya manne wa fentin.

Don haka ake naɗe kowane tarago shi kaɗai cikin takarda mai laushi marar asid, don kada ya gogi wani. A sa ƙunshin silika mai shan danshi cikin kwalin, a ajiye shi a busasshen ɗaki marar zafi. Kafin a taɓa jirgin a wanke hannu, domin gumi yana da gishiri da maiƙo. Ƙura kuwa da burushi mai laushi ake share ta, ba da ruwa ba.