Yadda Linux ke gane kiran na'urori

Duk lokacin da ka danna maɓallin kwamfuta ko ka shafi fuskar waya, na'urar da ka taɓa takan aika wa furosesa sigina ta wani siririn layin lantarki, ta katse masa abin da yake yi. Amma kafin kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar, ya amsa kiran, sai ya san salon kiran da kuma inda ya fuskanta.

Wani baƙon yakan ƙwanƙwasa ƙofa sau ɗaya, in ba a ji ba shi ke nan. Wani kuwa yana nan tsaye yana ta sallama har sai an fito. Haka na'urori suke: wata kiranta tsallen lantarki ne na ɗan lokaci, wata kuma takan riƙe lantarkin a mataki ɗaya har direbanta, wato manhajar da ke kula da ita, ya biya mata buƙata. Sannan a wata na'urar hawan lantarki ne kira, a wata kuma saukarsa.

Kwamfutar IBM ta 1981, mai guntun Intel 8259A, tsalle sama take saurare. Matsalarsa ita ce raba layi: in na'ura ɗaya ta riga ta ɗaga layin, tsallen ta biyu ba zai fito ba. Da tsarin PCI ya zo a 1992 sai ya zaɓi riƙe layi a ƙasa, don na'urori da yawa su yi tarayya a layi guda. Shi ya sa guntun IOAPIC na kwamfutocin Intel da AMD ke iya karɓar kowane salo. Kowane layi na da gurbinsa, inda ɗigo (bit) na 15 ke faɗin salo, na 13 ke faɗin sama ne ko ƙasa. Kanel ba ya duba layin da idonsa. Abin da masana'anta ta rubuta a jadawalin ACPI shi yake bi.

A ɓangaren ARM, wanda ke cikin kusan kowace wayar hannu, mai rarraba kira GIC ba shi da wannan sassaucin. A layukan na'urori, tsalle sama ko tsayuwa a sama kawai yake karɓa. Na'urar da ke kira da saukar lantarki sai an sa mata abin da zai juya siginar a hanya. A yawancin allunan lantarki na ARM, wani fayil ne mai bayyana kayan cikin allo ke sanar da Linux salon kowane layi da lamba: 1 tsalle sama, 2 tsalle ƙasa, 4 tsayuwa sama, 8 tsayuwa ƙasa. Ka rubuta 8 a layin da ke shiga GIC kai tsaye, Linux ya ce bai san zancen ba.

A tsarin furosesa na RISC-V kuwa, da farko ma babu wurin saitin. Mai rarraba kiransa, PLIC, ya bar maganar ga wanda ya ƙera guntun, har sai da aka gyara direban Linux a 2022 saboda guntayen Renesas da T-Head, waɗanda kiran tsalle ke ɓace musu in ya iso ana cikin hidimar na baya. Sabon tsarin APLIC ne ya kawo saitin duka salo huɗun.

A ganina, akasarin lokaci laifin ba na guntu ba ne, na wanda ya cike jadawalin ne. In aka ɗauki mai tsayuwa a matsayin mai tsalle, kira ɗaya ya kuɓuce, sai na'urar ta yi tsit tana jiran amsar da ba za ta zo ba: fuskar waya ta daina jin yatsa, katin intanet ya tsaya cak. In kuma aka juya sama da ƙasa, zaman lafiyar layin ma sai a ɗauke shi kira, furosesa ya yi ta amsawa babu ƙaƙƙautawa. Linux na ƙirga irin wannan: in a cikin kira 100,000 fiye da 99,900 babu direban da ya ce nasa ne, sai ya rubuta a kundinsa cewa babu wanda ya kula da layin, ya rufe shi.