Abincin Bakin Titin Indiya Ya Hau Teburin Manya

A watan Mayun 2025 wani gidan cin abinci da ke Dubai, Trèsind Studio, ya samu taurari uku daga Michelin, kamfanin tayar mota na Faransa da tun 1926 yake raba wa gidajen abinci taurari gwargwadon iya girkinsu. Uku ita ce ƙololuwa, kuma kafin nan babu gidan abincin Indiya da ya taɓa kaiwa can a faɗin duniya. Wurin ɗan ƙarami ne, kujerunsa kusan 20, sai mutum ya kama gurbi tun da wuri kafin ya samu zama.

Wanda ya san girkin Indiya a matsayin jar miya mai maiƙo da kaza da shinkafa zai yi mamakin abin da ake ajiyewa a kan wannan tebur. Ita waccan jar miyar ma tana da tarihinta. Da aka raba Indiya da Pakistan a 1947, wasu 'yan gudun hijira daga Peshawar suka buɗe Moti Mahal a unguwar Daryaganj ta birnin Delhi, suka shigo da tanderun laka da gasasshiyar kaza, kuma ana danganta kaza cikin miyar tumatir da man shanu da wannan gida. Salon ya karɓu har ya danne saura. A Ingila kuwa, akasarin gidajen abincin da ake kira na Indiya mutanen Sylhet ta Bangladesh ne suka kafa su, kusan kowa da jerin miya iri ɗaya. Ƙasa mai jihohi 28 da mutum sama da biliyan 1.4 sai ta koma miya biyar ko shida a idon baƙo.

Wannan ne wasu sababbin kuku suka ƙi yarda da shi. A 2009 aka buɗe Indian Accent a New Delhi, Manish Mehrotra ɗan birnin Patna yana jagorantar kicin. A hannunsa Himanshu Saini, babban kukun Trèsind Studio, ya yi koyo.

A irin waɗannan gidaje, wanda ya zaɓi jerin ɗanɗano ba ya ganin babban kwano. Farantai ne ƙanana suke zuwa ɗaya bayan ɗaya, wani lokaci fiye da goma, cikin awa biyu ko uku, kuma mai kawowa zai tsaya ya faɗi jihar da girkin ya fito da abin da ke ciki. Da yawansu asalinsu bakin titi ne. Akwai puchka, wanda a Mumbai ake kira pani puri: ɗan ƙwallon fulawa ne soyayye, cikinsa fayau, ana huda shi da babban yatsa a cusa dankali, a tsoma cikin ruwan tsamiya da na'a-na'a. Ba a gutsurarsa. Wanda ya gwada, rigarsa ce za ta sha ruwan. Loma ɗaya ake yi masa ya fashe a baki, tsami da yaji da sanyi su taso tare. A titin Kolkata ana cinsa a tsaye da 'yan canji. A Indian Accent ana jero shi a kan ƙananan kofuna da ruwa kala biyar. Kamar dai a ɗauki ƙosan mai tuya ta bakin layi a kai shi babban otal, a yi masa kwalliya, a ninka kuɗinsa.

Abin zaƙin da ya fi jan hankali a Indian Accent shi ne daulat ki chaat, kumfar madara da za'afaran wadda a tsohon birnin Delhi sai da hunturu ake samunta. Masu yin ta kan kwana suna kaɗa madara cikin sanyin dare, su sayar da safe kafin rana ta narkar da ita. Firji da injin kaɗi sun sa yanzu ana shan ta ko da bazara.

Wasu sun wuce nan. Gaggan Anand, ɗan Kolkata da ya buɗe gidansa a Bangkok a 2010, ya riƙa miƙa wa baƙi takardar da babu kalma ko ɗaya a kai sai 'yan hotunan nan na waya guda 25, kowanne na nufin faranti. A ɗaya daga ciki ba cokali, ba hannu, sai dai a ɗaga faranti a lashe. Shekara huɗu a jere, daga 2015 zuwa 2018, gidan ne na ɗaya a jerin gidajen abinci 50 mafiya kyau a nahiyar Asiya. Wasan yakan yi yawa wani lokaci, kuma akwai Indiyawan da ke cewa girkin gidan uwarsu ya fi wannan ƙosarwa. Ba su yi ƙarya ba, domin wanda ya shiga da yunwar tuwo farantan farko za su ba shi haushi.

Sai dai harshen Bahaushe ba zai yi baƙunta sosai ba. Citta, kanumfari, masoro, tsamiya, kuɓewa da zogale duk suna cikin tukunyar Indiya. Gero da dawa, waɗanda a can aka daɗe ana yi wa kallon cimar talakan ƙauye, sun soma shiga manyan kicin, musamman bayan Indiya ta nemi Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2023 a matsayin shekarar gero da danginsa.

Ga masu zuwa Delhi neman magani ko karatu, da 'yan kasuwar da ke bin Dubai, akwai abin lura. Gidajen zamani sukan yi amfani da naman alade ko giya a wasu girke-girke, kuma ba kowane nama ne a Indiya yankan Musulmi ba. A tambaya tun lokacin kama gurbi. Idan zuciya ba ta kwanta ba, kusan kowane irin gidan nan yana da cikakken jerin da babu nama a ciki, sai a nemi wannan, a kuma gaya musu kada a sa giya.