Masana Sun Gano Asalin Ƙwayar Cutar Amai Da Gudawa

A daminar 2021 cutar amai da gudawa, watau kwalara, ta auka wa Nijeriya. An lissafta mutum fiye da 100,000 da ake zaton sun kamu, fiye da 3,500 kuwa suka riga mu gidan gaskiya. Zamfara tana cikin jihohin da abin ya tsananta, har Gusau da Tsafe da Bungudu duk sun ɗanɗana. To, daga ina wannan annoba take fitowa?

Wata ƙwaya ce ke kawo ta, wadda ido ba ya gani sai da madubin likita. Tana shiga cikin mutum ta ruwa ko abincin da najasa ta taɓa. Kowace ƙwaya tana ɗauke da wani rubutu na halitta wanda 'ya'yanta ke gada. A shekarar 2000 masana a Amurka suka karance na ƙwayar kwalara kaf, haruffa wajen miliyan 4. Rubutun yakan ɗan sāke kaɗan kaɗan, saboda haka in an gwada na ƙwayoyi biyu sai a san danginsu, kamar yadda tsagar fuska ke nuna asalin mutum.

A 2017 masanan Cibiyar Pasteur ta Faransa da Cibiyar Sanger ta Ingila suka bayyana sakamakon gwada ƙwayoyi 1,070, akasarinsu daga ƙasashen Afirka 45. Suka tarar tun daga 1970 cutar ta shigo Afirka aƙalla sau 11, asalinta kuwa Asiya ne, mutane ke ɗauko ta. Waɗanda suka shigo daga baya ma ba sa jin waɗansu magungunan da suka ci na farko.

Ashe baƙuwa ce, hanya take bi. Tsafe kuwa tana kan hanyar Zariya, Bungudu tana kan ta Sakkwato, Gusau a tsakiya, kullum matafiya suna ci suna sha a tasha da kasuwa. Don haka muna roƙon masu tuwo da fura su rufe abinci, a tafasa ruwan sha, a haƙa masai nesa da rijiya. Malaman makaranta su koya wa yara wanke hannu da sabulu. Wanda zawo ya kama, a dama masa ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin cokali na gishiri cikin lita 1 ta tafasasshen ruwa, yana sha ana gaggauta kai shi asibiti.

Allah ya kiyashe mu, amin.