Gigin Tsufa Ba Maita Ba Ne

Ɗan'uwa mai karatu, ko akwai tsoho ko tsohuwa a gidanku da mantuwa ta yi wa yawa? Karanta wannan, ka kuma karanta wa waɗanda ba su iya karatu ba.

A daminar bara an kawo mana wata dattijuwa asibiti da raunin jifa a goshi. An same ta da tsakar dare a gidan maƙwabta tana neman mijinta, shi kuwa ya daɗe da rasuwa. Aka yi ta ihu ana cewa mayya ce. Da muka duba ta, sai muka ga ƙwaƙwalwarta ce ba lafiya. Matar da ta haifa, ta goya, ta aurar, ita ce aka jefa saboda ciwo.

Mantuwa iri biyu ce

Kowa ya tsufa, ƙwaƙwalwarsa takan ɗan rage sauri. Baba zai manta inda ya ajiye tocila, ko sunan baƙo ya kwanta masa, an jima ya tuna. Wannan ba cuta ba ce. Bincike ya nuna cewa sanin magana da ilimin da mutum ya tara sukan zauna daram har cikin tsufa.

Amma akwai mantuwar da ke hana mutum tafiyar da rayuwarsa. Iya ta ci tuwo, ta ce ba a ba ta ba. Ta yi tambaya ɗaya sau goma. Ta ɓata a hanyar rijiyar da ta sani tun tana amarya. Ta kasa ƙirga kuɗi, ta bar tukunya a wuta, ta ɓoye kayanta sannan ta ce jikoki sun sace. Wannan shi ne gigin tsufa, ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma ba kowane tsoho yake kamawa ba.

Abin da masu bincike suka gano

A shekarar 1906 wani likita a Jamus, Alois Alzheimer, ya duba ƙwaƙwalwar wata mata da ta rasu da irin wannan ciwo. Ya ga wani abu ya taru a cikinta kamar ƙulle-ƙulle, ƙwayoyin ƙwaƙwalwar da yawa sun mutu. Ciwon yakan fara ne daga sashen da ke ajiye sabon abu. Shi ya sa Iya take tuna ranar aurenta, amma ba ta tuna kunun da ta sha da safe. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke da gigin tsufa a duniya, a kowace ƙabila da kowane addini.

A Amurka, sistocin Katolika 678 sun yarda a riƙa gwada tunaninsu, a kuma duba ƙwaƙwalwarsu bayan sun rasu. An tarar wasunsu suna da waɗannan ƙulle-ƙulle, amma hankalinsu garau har ƙarshe. Waɗanda kuwa ƙananan jijiyoyin jini suka toshe musu a ƙwaƙwalwa, ga kuma ƙulle-ƙullen, su ne ciwon ya fi bayyana a kansu. Babban abin da ke lalata waɗannan jijiyoyi shi ne hawan jini.

A nan kusa da mu ma, tun daga 1992 likitoci sun bi tsofaffi a Ibadan ta Najeriya shekara da shekaru. Sun ga masu hawan jini sun fi shiga haɗarin wannan ciwo. A 2024 kuma wani kwamitin masana ya lissafa abubuwa 14 da ke ƙara haɗarin, ya ce da za a magance su, da kusan kashi 45 cikin 100 na ciwon ya ragu ko ya jinkirta. A cikinsu akwai hawan jini, ciwon suga, taba, yawan giya, raunin ji, raunin gani, buguwa a kai, da zaman kaɗaici.

Me za ka yi tun yanzu?

In ka kai shekara 40, ka zo a auna jininka ko kana jin lafiya, domin hawan jini ba ya sallama. In an ba ka magani, kada ka daina don ka ji sauƙi. A rage gishiri da dunƙule a miya. Ka sa hular kwano in za ka hau babur. Tsohon da ba ya ji sosai ko yana da yanar ido, a kawo shi a duba. Kada a bar shi a ɗaki shi kaɗai. A kai shi sujada ko masallaci, a zauna hira da shi.

Ruɗewar farat ɗaya

In tsoho yana lafiya jiya, yau ya ruɗe, kada ka ce tsufa ne. Zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ƙarancin ruwa a jiki ko faɗuwar suga suna kawo haka, kuma suna da magani. Kawo shi a ranar.

In ciwon ya riga ya kama

Har yanzu babu maganin da ke warkar da gigin tsufa. Kada ka sayar da akuya ka kai wa mai cewa zai cire. Abin da ke taimako shi ne kulawa. Kada ka yi gardama da Iya, kada ka daure ta, kada ka doke ta. In ta nemi mijinta, ce mata, "Iya, ba ni labarinsa." A kawar da ashana, wuƙa da maganin feshi, a rufe rijiya. A sanar da maƙwabta da mai unguwa, domin in sun gan ta a hanya su dawo da ita gida. Kada kuma a bar wa mace ɗaya jinyar, a riƙa karɓarta ta huta.

Kirista da Musulmi, duk an umarce mu mu girmama iyaye. Ko Iya ta manta sunanka, kai ka san ko ita wace ce. Allah ya ba mu haƙuri, ya sa mu gama da iyayenmu lafiya. Amin.