Tafkin Onondaga: Gyaran da Aka Faro Daga Rufin Gida

Yau za mu leƙa birnin Sirakus da ke jihar Niyok a Amurka, mu tsaya a gaɓar wani tafki mai suna Onondaga, wanda tsawonsa bai kai kilomita 8 ba.

Ga ƴan asalin wurin, al'ummar Onondaga, ruwa ne mai alfarma. Tarihinsu ya ce a bakinsa ƙabilu biyar suka ajiye makamai suka ƙulla zumunci. Sai masana'antu suka zo suka mai da shi juji. A 1940 aka hana iyo a cikinsa, a 1970 aka hana kamun kifi saboda zaibar da kamfanin Allied ya daɗe yana zubawa. Daga baya kamfanin Honeywell, wanda ya gaji alhakin, ya yashe gurɓatacciyar laka tsakanin 2012 da 2014.

To amma akwai wata cutar da ba daga masana'anta take ba, ita ce ta fi jan hankalina: ruwan sama.

A tsoffin unguwannin Sirakus, bututu ɗaya ne a ƙarƙashin ƙasa ke ɗaukar ruwan bayan gida da ruwan titi. In aka yi yayyafi, lafiya lau, komai ya wuce matatar ruwa. In kuwa aka tsuge kamar da bakin ƙwarya, bututun ya cika ya tumbatsa, najasa ta bi rafi ta faɗa tafki. Ga baƙin man motoci, ga gishirin da ake watsa wa tituna don narkar da ƙanƙara. Duk wanda ya taɓa tsayawa bakin kwata ranar ruwan farko na damina, ya ga leda da dagwalo suna gangarawa kududdufi, ya san abin da nake nufi.

An kai ƙara kotu kan wannan matsala a 1988. Maganin farko da hukuma ta kawo shi ne gina ƙarin matatu a cikin gari, har aka dasa guda a titin Midland, cikin unguwar talakawa baƙar fata, aka tashi wasu iyalai. Mutane suka ce ba su yarda ba, kuma da gaskiyarsu. A 2009, ƙarƙashin shugabar gundumar Onondaga, Joanie Mahoney, aka sauya hanya da shirin Save the Rain, wato a tare ruwan sama tun inda ya sauka.

Aka shuka ciyayi a rufin babban zauren taron birnin, aka shimfiɗa daɓe mai tsotse ruwa a wuraren ajiye motoci, aka dasa itatuwa, aka raba wa magidanta ganguna su kafa a ƙarƙashin indararo. Wanda ya fi burge ni shi ne filin wasa na War Memorial: ruwan da ya sauka a rufinsa ana tara shi a tankuna, a tace, a daskarar da shi ya zama filin ƙanƙarar da ƙungiyar Syracuse Crunch ke wasa a kai.

Ruwan tafkin ya yi haske yanzu, kifaye sun yawaita, gaggafa na sauka a gaɓarsa lokacin hunturu. Sai dai har yau hukumar lafiya ta jihar na gargaɗin yara ƴan ƙasa da shekara 15 da mata ƴan ƙasa da 50 kada su ci kifinsa, domin zaibar ba ta gama fita daga jikin kifin ba.