Masu Ɓoye Bango: Sana'ar Gina Ɗakin Tiki a Amurka

Akwai wasu masu aikin hannu a Amurka da ake kira su gida don su sa ɗaki ya daina kama da ɗaki. Mai gida zai nuna musu gareji ko ɗakin ƙarƙashin ƙasa, su kuwa su mayar da shi tamkar bukka a wani tsibiri na tekun Pasifik, ko da a waje ƙanƙara ce ke zuba. Sunan wannan salo tiki.

Salon haifaffen Kalifoniya ne, ba na tsibiran ba. Wajen 1933, da aka ɗage dokar hana barasa a Amurka, wani matafiyi mai suna Ernest Gantt ya buɗe mashaya a Hollywood, ya sa mata suna Don the Beachcomber, ya cika ta da tarkacen da ya kwaso a yawon teku. Victor Bergeron ya bi sahu a Oakland da Trader Vic's. Sojojin da suka dawo daga Pasifik bayan yaƙin duniya na biyu suka ƙara wa abin kasuwa, haka ma shigar Hawai cikin jihohin Amurka a 1959. Daga baya yayin ya wuce, aka rushe wurare da dama, sai littafin Sven Kirsten, The Book of Tiki, ya fito a 2000 ya taimaka wajen farfaɗo da shi. A wannan karon mutane da yawa suka shiga gina nasu a gida. Asalin irin wannan wuri na shan giyar rum ne, wannan ba a ɓoye yake ba, amma aikin hannun da ke cikinsa daban yake da abin da ake sha.

Dokar farko a wurin masu sana'ar ita ce kada a ga farin bango ko kaɗan. Kafin komai sai a shafe bangon da fenti mai duhu, domin idan aka manna tabarma a kan fari, farin zai riƙa leƙowa ta ramukan saƙa. Tabarmar da suka fi so ita ce lauhala, wadda ake saƙawa da ganyen wata bishiyar bakin teku, kusan yadda ake saƙa tamu da kaba. Ita ake mannawa daga tsakiyar bango zuwa sama, ƙasan kuma a jera gora. Duk inda tabarma biyu suka haɗu, sai a tsaga gora gida biyu a kife a kan mahaɗar. Duk inda kan ƙusa ya fito, sai a naɗe wurin da igiya, har mai kallo ya ɗauka ɗauri ne ya riƙe ginin. Nan ake gane gwani: ka bi ɗakin da ido lungu-lungu ba ka ga ƙusa ɗaya ba.

Gorar ma ba a sa ta ɗanya. Ana bin ta da wutar gas a hankali, man jikinta ya fito, a goge da tsumma, launinta ya koma ruwan zuma, gaɓoɓin su yi duhu. Wanda ya yi gaggawa zai babbake ta, ko iskar da ke kulle a cikin gaɓa ta fasa ta, shi ya sa ake fara huda gaɓoɓin. Katako kuwa ƙona samansa ake yi, a kankare da burushin waya har jijiyoyin icen su taso. Kamfanin Witco ya yi suna da irin wannan aiki, kuma kayansa ne Elvis Presley ya cika wani ɗakin gidansa na Graceland da su.

Sai rufi, wanda a ganina shi ne rabin aikin. A yi masa baƙin fenti, a shimfiɗa taru, sannan a rataya kaya har sai an rasa inda ɗakin ya ƙare: ƙwallayen gilashi irin waɗanda masuntan Japan ke ɗaura wa taru, kwandunan kamun kifi, filafilin kwalekwale, busasshen talibambam da aka sa wa ƙwan lantarki a ciki. Taga a rufe ta, agogo da talabijin a fitar da su. Haske ya zama ɗan kaɗan, ja da ruwan goro da kore, daga fitilu ƙanana masu yawa maimakon babba guda. Eli Hedley, wanda ya fara da tsintar itacen da teku ke turowa gaɓar San Pedro, yana cikin waɗanda suka kafa wannan tsari, kuma jikansa da ake kira Bamboo Ben ya gaji sana'ar.

Ɗaki cike da ciyawa da busasshen ganye da wayar lantarki abin tsoro ne. A 1942 gobara ta tashi a gidan rawa na Cocoanut Grove a Boston, wanda aka ƙawata da bishiyoyin kwakwa na jabu da yadi a rufi, mutum 492 suka mutu. Magini mai hankali yana fesa wa jinka da tabarma maganin hana kamun wuta, yana amfani da ƙwan LED da ba ya zafi sosai, kuma ba ya toshe ƙofar fita don ado.

Shekara 65 shagon Oceanic Arts na Whittier ya yi yana sayar wa masu wannan aiki kaya. LeRoy Schmaltz da Bob Van Oosting ne suka kafa shi a 1956, suka rufe a 2021. Schmaltz masassaƙi ne, ya sassaƙa gumakan da ake kafawa a irin waɗannan wurare, galibi masu sassaƙar na amfani da kututturen dabino ko kwakwa.

Gumakan nan su ne abin da ya fi damuna a sana'ar. A wurin Mawori na New Zealand, Tiki shi ne mutum na farko. A Hawai siffofin da ake sassaƙawa na abin bautarsu ne, irin su Ku da Lono. Ɗauko su a mayar da su kofin sha ko ƙafar tebur ya ɓata wa 'yan tsibiran da yawa rai, kuma suna da gaskiya. Shi ya sa wasu magina suka koma ga kayan teku da gora da tsirrai kawai. Ɗakin ba ya rasa komai, domin tabarma da haske ne ke ɗauke da shi. Wanda kuma zai rataya tapa, wato yadin da matan Tonga da Samowa da Fiji ke bugawa daga ɓawon bishiya da taɓarya ta ice, ya kamata ya saya daga hannun masu yin sa, ya san tsibirin da ya fito, ya kuma sa shi inda hannu da danshi ba za su kai ba, don ruwa kaɗan yana lalata shi.